Tace transisto na jabu kafin a ɗaura su a amfilifaya

Amfilifayar ta masu ba da hayar kayan sauti ce, mai ɓangare biyu, kowane ɓangare da manyan transistoci takwas: 2SC5200 guda huɗu, 2SA1943 guda huɗu. Wutar da ke isa gare su bayan an tace ta bolt 70 ce sama, bolt 70 ƙasa. Ɓangaren dama ne ya ƙone, kuma da na ɗaga murfi na gane ba karon farko ba ke nan, domin dalmar da ke ƙafafun transistocin dama sabuwa ce tana ƙyalli, ta hagu kuwa ta dushe irin ta kamfani. Mai kayan ya ce sati biyu kacal ta yi bayan gyaran baya, sai ta mutu ana tsakiyar biki a Bukuru.

Na cire duka takwas ɗin, ban tsaya auna su a kan allo ba, don a haɗe suke, guda ɗaya idan ya yi shot, wato ƙafafunsa suka haɗe ta ciki, sai duka su nuna shot. Uku sun haɗe tsakanin kalekta da emita, biyu daga ƙafafu ukun transisto, ta ukun ita ce bes. Resistocin emita na om 0.22, wat 5, biyu sun yanke. Direba ɗaya, wato ƙaramin transiston da ke tura wa manyan wuta a bes, ya tafi, da ƙaramin resisto na bes da ya yi baƙi ƙirin. Wannan duk ɓarnar da aka saba gani ce. Abin da nake son sani kafin in kashe ko sisi shi ne, transistocin ne suka gaza ko wani abu ne ya kashe su. Mita ba za ta faɗa ba, sai an fasa.

Fasa irin wannan jikin, wato TO-264, ba wuya. Ana matse shi a bais ta gefe da gefe a hankali har baƙar robar ta tsage, ko a kama ƙarfen bayansa a sa cizal daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe a ɗan buga da guduma. A sa tabarau, ɓaraguzan suna tsalle. Sau da yawa ƙwayar silikon da ke cikinsa takan rabe, rabi ya bi roba, amma sawunta yana nan a kan ƙarfen, murabba'i mai haske, shi ake aunawa. Ina da kwalba da nake tara fasassun na gaske waɗanda na ciro daga tsofaffin amfilifayoyin da ba a taɓa buɗewa ba. Ƙwayar na gasken tana tsakanin milimita 4 da 5 kowane gefe. Ta wanda na fasa ba ta kai milimita 3 ba.

A ido bambancin kamar ba yawa, amma faɗi ake lissafawa. Milimita 5 sau 5 ya ba da 25, milimita 2.5 sau 2.5 ya ba da 6 da kwata. Wato duk zafin da aka tsara zai bi ta fili guda, yanzu ta kashi ɗaya cikin huɗu na filin zai bi. Takardar bayanan Toshiba ta ce 2SC5200 yana ɗaukar bolt 230, amfiya 15, wat 150, kuma amfiyar da wat ɗin a kan girman ƙwayar suka dogara. A wannan amfilifayar, idan an ɗora mata sipika mai om 4, akwai lokacin da rabin wutar, bolt 35, ke kan sipika, rabi kuma ke kan transistoci, amfiya kusan 9 na wucewa. Wat 300 da 'yan kai ke nan a raba wa guda huɗu, kowanne ya sha kusan wat 77 a wannan ƙiftawar. Sipika kuwa ba resisto ba ce, tana da kwayil, takan ja wuta a lokacin da bolt ɗin da ke kan transisto ya fi haka yawa. Ƙaramar ƙwaya takan yi zafi a ɗigo ɗaya, wuta ta taru a ɗigon, ɗigon ya ƙara zafi, ya narke, kalekta da emita su haɗe. Shi ya sa na jabu yake aiki lafiya lau a shago da ƙaramin sauti, ya jira ranar da aka murɗe ƙara ana kiɗa mai nauyi.

Daga ɓangaren hagu na ciro C5200 ɗaya da A1943 ɗaya, na sa musu alama da farin fenti. Su ne ma'aunina. Duk gwajin da zan faɗa a gaba kwatance ne, kuma wanda ya je sayayya ba tare da na gaske a aljihu ba, da ƙwaƙwalwarsa kawai zai kwatanta. Na haɗa da mita mai auna kafasito, da ɗan mayen ƙarfe da na ciro daga mataccen faifan kwamfuta, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, da gilashin ƙara girma, da auduga da ruwan goge jan farce mai asiton. Na nufi shagunan kayan lantarki na wajen Terminus a cikin Jos.

Yawanci idan ka ce 5200 da 1943, tambayar da za a yi maka ita ce na nawa kake so, domin kala biyu ko uku ke cikin durowa. Mafi arha kowa ya san ko mene ne, mai shagon ma ba ya ɓoyewa. Rigimar tana kan wanda ake kira orijina. Tsada ba shaida ba ce. Kuma ban cika ɗora wa mai shago laifi ba, kaya a leda suke zo masa daga Legas, shi ma abin da aka gaya masa yake gaya maka.

Da ido na fara. Toshiba rukuni biyu kawai ta raba wannan lambar, R da O: R ƙarfin ninkawarsa, wato sau nawa wutar kalekta ta ninka ta bes, daga 55 zuwa 110, O daga 80 zuwa 160. Idan na ga wani harafi daban, na gama da shi. Sai in karkata fuskar a hasken rana. Wanda aka goge tsohon rubutunsa da sanfefa aka buga sabo, za ka ga siraran layuka duk sun bi gefe ɗaya, kuma 'yan zagayen ramukan nan da injin zubi ke bari a jikin robar sun shafe ko sun cike. Ƙafafu ma suna magana. Sabo ƙafafunsa miƙaƙƙu ne, kaurinsu ɗaya, ba ragowar dalma. Akwai waɗanda aka ciro daga tsohon allo aka ƙara wa gajerun ƙafafunsu tsawo da walda, gilashi yana nuna gaɓar kusa da jiki. Auduga da asiton kuma, idan rubutun ya bi audugar ko ta yi baƙi, an shafa masa fenti ne. Sai dai wanda ya tsallake asiton bai tsira ba, masu jabu yanzu da leza suke rubutu, wani lokacin ma nasu ya fi na kamfanin kyau.

Mayen ƙarfe gwaji ne na daƙiƙa ɗaya. Bayan na gaske jan ƙarfe ne da aka yi wa rufi fari, maye ba ya kama shi. Idan ya manne, baƙin ƙarfe aka sa, wanda ba ya kai zafi waje kamar jan ƙarfe. Amma wannan bai shafi masu hular ƙarfe ba, irin MJ15003 da MJ15024, domin su ko na gasken jikinsu yana kama maye. A sikeli kuma, takardar Toshiba ta ce nauyin 2SC5200 giram 9.75 ne. Wanda ya yi ƙasa da haka sosai, an rage masa kaurin ƙarfen baya.

Su masu hular ƙarfen da rubutu ake kama da yawansu. Motorola ta ware sashenta na irin waɗannan kayan a 1999, ya zama ON Semiconductor. Lambobi huɗun da ke ƙarƙashin suna shekara ce da sati, kamar 9422, sati na 22 a 1994. To idan ka ga tambarin Motorola da lambar da ke nuna 2009 ko 2015, ka san ba daga can ya fito ba. Haka 2SC3281 da 2SA1302: Toshiba ta daina yin su da daɗewa, 5200 da 1943 ne suka gaje su. Wanda ya zubo maka su sababbi fil cike da leda, ka tambayi kanka inda suka kwana duk shekarun nan. Na Sanken masu faɗin jiki da ramin kusa biyu, 2SC3858 da 2SA1494, su ma an cika kwaikwayonsu, kuma faɗin jikin yana ba ƙaramar ƙwaya wurin ɓuya.

Kayan shagon farko sun wuce ido, sun wuce asiton, sun wuce maye. A nan yawancin masu gyara ke ɗauko mita su murɗa ta zuwa alamar dayod, su ga 0.5 da wani abu daga bes zuwa emita, haka daga bes zuwa kalekta, su ce lafiya. Wannan gwajin abin da yake nunawa kawai shi ne akwai transisto a ciki kuma bai mutu ba. Ƙaramin transiston rediyo ma haka zai nuna. Ramin hFE na mita, mai auna ƙarfin ninkawa, da 'yan na'urorin gwajin nan masu batir su ma da wutar da ba ta wuce 'yan miliamfiya ba suke aunawa, ƙaramar ƙwaya ba ta jin komai a nan.

Gwajin da ke leƙa ciki ba tare da fasawa ba shi ne na kafasito. Mahaɗar bes da emita tana riƙe caji kamar ƙaramin kafasito, kuma yawan abin da take riƙewa yana bin faɗin ƙwayar. Idan rubutun na kallonka, ƙafafu a ƙasa, bes ne a hagu, kalekta a tsakiya, emita a dama. Na sa mita a ma'aunin nanofarad, na cire abin da wayoyinta ke nunawa su kaɗai, na maƙala ƙafar hagu da ta dama ba tare da yatsuna sun taɓa ƙarfe ba. Nawa na gaske ya nuna 'yan nanofarad. Na shagon bai kai rabinsa ba. Na gwada guda biyar, duk kusan haka. Na mayar na yi godiya.

Akwai abubuwan kiyayewa a wannan gwajin. Da mita ɗaya ake yi, jar waya a ƙafa ɗaya kowane karo, kuma C5200 da C5200 ake kwatantawa, A1943 da A1943, don na PNP, wato A1943, ya fi riƙe caji. Takardar kamfani ma ta nuna haka, pikofarad 200 ga C5200, 360 ga A1943, sai dai waɗannan tsakanin kalekta da bes aka auna su da bolt 10 a kai, kada ka sa ran mitarka ta nuna su. Sannan akwai TTC5200 da TTA1943, sabon zubin Toshiba ne na gaske, kuma suna nuna ƙasa da tsofaffin. Akwai kuma kamfanonin da ke yin 2SC5200 da sunansu, ba su ari na kowa ba. Wannan ba jabu ba ne. Ni na fi yarda da wanda ya buga sunansa a kan kayansa, ko ban san shi sosai ba, a kan wanda ya buga Toshiba a kan abin da ba na Toshiba ba.

A shago na biyu adadin ya zo kusa da nawa, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Takwas nake buƙata, na ce a ba ni goma sha biyu, shida-shida.

"Alhaji, zan fasa biyu. Idan cikin ya yi ƙanƙanta zan dawo maka da goman, ban sa musu dalma ba."

"Malam, fasa mana. Waɗanda ka fasa dai naka ne."

Wannan sharaɗin a bakin kanta ake yin sa kafin kuɗi su bar hannu, kuma da kaina na zaɓo su daga wurare daban-daban a ledar, don akan gauraya.

A shago na fasa ɗaya daga kowane kala. Ƙwayoyin sun yi daidai da na kwalbata, ƙarfen da na kankara da magagari ja ne a ciki. Amma biyu ne suka ba da shaida, saura goma, su kuma wuta ce za ta tantance su.

Na'urar gwajin da hannu na haɗa ta. Ana ɗaure transisto a babban hitsink, ƙarfen da ke zuƙe zafi, da farin man zafi. Daga emita zuwa ƙasa resisto ne na om 1, wat 25, don lissafi ya yi sauƙi: bolt ɗaya a kansa amfiya ɗaya ke nan. Bes yana samun wuta daga LM317, wato mai daidaita bolt, mai abin murɗawa, ta cikin dayod 1N4007 da resisto na om 10. Dayod ɗin yana kare LM317 idan transisto ya fashe ya turo wutar kalekta baya. Resiston om 10 kuma shi ke nuna abin da bes ke sha: bolt 0.1 a kansa miliamfiya 10 ne. Na PNP ana juya wayoyin wuta da dayod ɗin.

Zagayen farko da batirin mota na yi, bolt 12 a kalekta. Na murɗa har amfiya 1, na karanta na bes, na raba amfiya 1 ɗin da shi don in samu ƙarfin ninkawa. Duka sun faɗa cikin rukunin O. Sai na kai amfiya 5 na 'yan daƙiƙoƙi na sake karantawa. Abin da ya sa ake son wannan lambar a amfilifaya shi ne ƙarfin ninkawarsa ba ya zubewa da wuri idan wuta ta ƙaru, takardar ma ta yi alkawarin ba zai gaza 35 ba a amfiya 7. Na gwada ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka tsira daga gyaran baya don in ga bambanci. A amfiya 1 ya yi kyau, har ya fi sababbin. A amfiya 5 sai ya zube ƙasa warwas, bes na shan wuta ninkin-ba-ninkin. A cikin amfilifaya wannan ƙarin daga direba yake fitowa, nan na gane abin da ya kashe direban.

Zagaye na biyu shi ne na zafi. Na cire batir daga kalekta na sa bolt 50 daga wata tsohuwar taransifoma, ta cikin fis na amfiya 3. Amfiya 1.5 a wannan wutar kusan wat 73 ne, daidai da abin da zai tarar a wurin aiki. Wat 150 da aka rubuta sai jikinsa na kan digiri 25, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru ana rage wat 1.2, wato a digiri 60 saura wat 108. Don haka daƙiƙa talatin nake ba kowanne, sannan amfiya 2 na daƙiƙa biyar, in bar ƙarfen ya huce kafin na gaba. Mita ta biyu tana kan bes da emita, domin bolt ɗin wurin yana sauka kusan milibolt 2 ga kowane digiri da ƙwayar ta yi zafi, kamar ma'aunin zafi ne da aka dasa a ciki. Na gaske yakan sauka da sauri kaɗan ya tsaya, sai ya riƙa bin ɗumin hitsink a hankali. Na gyaran bayan nan da na ɗora, adadin gangarawa kawai yake yi, bai kai daƙiƙa goma ba fis ya yanke. Goman nan kuwa duk sun wuce. A lura, idan ba a sa maika ba, wato siririn fallen da ke hana wuta wucewa daga transisto zuwa ƙarfe, hitsink ɗin kansa yana ɗauke da bolt 50, kada ya taɓa komai.

Sanyin Jos yana yaudara a wannan gwajin. Da safiyar hunturu ƙarfe yakan yi sanyi ƙalau, transisto mai rauni ya samu rarar digiri goma sha ko fiye da ba zai samu ba idan an kai kayan biki Lafiya ko Abuja a watan Maris, cikin rumfa, a cikin akwati. Da rana nake gwadawa, ko in fara ɗumama hitsink ɗin da wani tsohon transisto har ya kai yadda hannu zai ji ɗumi sosai.

Daga biyar-biyar ɗin na zaɓi huɗu-huɗu da ƙarfin ninkawarsu ya fi kusa da juna. Direbobi na canza duka biyun, 2SC4793 da 2SA1837, bayan na kwatanta su da na ɓangaren hagu a ma'aunin kafasito, don su ma ana yin na jabunsu. Resistocin emita takwas duka sababbi na sa, wanda ya sha wutar shot ko bai yanke ba adadinsa yakan gusa. Sabuwar maika, man zafi siriri kamar an shafa wa fata, a ɗaure kusa tukuna sannan a yi liƙi, idan aka juya tsarin ƙafafu suna zama a takure. Kafin wuta, mita tsakanin kowane kalekta da hitsink, kada ta nuna komai.

Kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 100 na yi, a jere da wayar wuta, ba sipika, bayas, wato 'yar wutar da transistoci ke sha ko ba sauti, a ƙarshen ƙasa. Irin wannan ƙwan ya fara wuya a kasuwa, kuma na LED ba ya wannan aikin, wanda ya samu ya adana. Ya yi haske ya dushe, alamar manyan kafasitoci sun cika kuma ba shot. A bakin fitar sauti milibolt 12 na gani, duk abin da bai kai 50 ba ina karɓa. Na cire ƙwan, na ɗaga bayas har kowane resiston emita ya nuna kusan milibolt 8, wato miliamfiya 36, na jira minti ashirin na sake daidaitawa. Ɗaya bayan ɗaya na auna takwas ɗin. Idan guda ya ninka 'yan'uwansa, shi zai fara mutuwa.

Gwajin ƙarshe da resistocin om 4 da na nutsa a bokitin ruwa na yi, da sautin 100 Hz daga waya, saboda mita mai arha ba ta auna 1 kHz daidai. Na tsaya a bolt 26, kusan wat 170, sulusin ƙarfinta, domin a wajen nan ne transistoci suka fi yin zafi, ba a ƙarshen ƙara ba. Minti talatin, fanka na juyawa, wutar da ke kan resistocin emita ta rabu daidai.

Kafin in sallami kayan na ce a kawo akwatunan sipikar da ake haɗa mata. Guda huɗu ne masu om 8, kuma yaran da ke haɗa waya duka huɗun suke jerawa a ɓangare ɗaya idan wayar ɗayan ɓangaren ta gaza tsawo. Om 2 ke nan, nauyin da transisto huɗu-huɗu a bolt 70 ba za su daɗe a kai ba ko daga hannun Toshiba aka karɓo su. Na auna kowane akwati: uku sun nuna om 6 da ɗoriya, yadda mai om 8 ke nunawa a mita. Na huɗun om 1.8 ya nuna. Lokacin da transistocin baya suka haɗe, bolt 70 ya zauna a kan kwayil ɗinsa kafin rile mai kare sipika ya yanke, rufin wayar ya ƙone, zagayen suka manne. Na ware shi a kai wa mai naɗi, na rubuta da farin fenti a bayan amfilifayar, saman kowace mafita: akwati biyu kawai.